Lakar Inna Dije a Hancin Murhu

Ku da kuke zuwa ku zauna a bencin nan kuna latsa waya, kullum sai na ji ɗayanku ya ce, "Wai wannan ne ake ta rububinsa? Ai kwanon sarki biyu ne aka kifa." To, kwanon sarki biyu ne, ban musa ba. Ga guduma can, ga kwanuka a jingine, wanda ya ga da sauƙi ya tashi ya kifa mu gani. In ya gasa kaza a ciki ta nuna har ƙashi ba ta ƙone ta waje ba, ni zan biya kazar. Amma kafin nan ku ajiye wayar ku ji yadda aka yi na iya.

Sunana Nafi'u, amma a Birnin Kudu in ba ka ce Guguwa ba, ba wanda zai gane wa kake nufi. Daga aji biyu na ƙaramar sakandare na tattara littattafaina na ce na gama. Na yi acaɓa, na yi kwandasta a motar Kano, na sayar da rake a tasha, na tsare wa wani shagon cajin waya. Ba wanda na daɗe a kansa. Kawuna ne ya gaji, ya kamo hannuna kamar akuyar da za a kai kasuwa, ya kawo ni wurin Malam Haladu mai walda. Ya ce, "Malam, ga shi nan. In ya gudu kar ka wahalar da kanka nemansa." Malam ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Ba zan neme shi ba. Amma kafin ya gudu ya share min wurin nan."

Aikin farko da ya ba ni bayan shara, miƙe tsofaffin rodi ne. Irin waɗanda ake cirowa daga rusasshen gini, duk sun lanƙwashe da busasshen siminti a jikinsu. Ka ɗora a kan guntun ƙarfe ka yi ta bugu, ka ɗaga ka duba da ido ɗaya, ka sake bugu. In ka kai masa sai ya gangara shi a kan siminti, in ya yi tsalle ya ce, "Da saura." Ni injin walda nake so in riƙe, in sa baƙin gilashi, 'yan mata su wuce su ga tartsatsi. Sai da hannuna ya yi kanta sannan ya bar ni na taɓa injin. A hankali na iya ƙofa, na iya taga, na iya gyaran amalanken shanu da garma. A ƙarƙashin tebur kuwa akwai wani buhu da ba a taɓawa, kayan ƙirar mahaifin Malam ne: uwar maƙera, awartaki, kurfi, ƙarfen huda, da zuga-zugin da ɓera ya ci gefensa. Na taɓa ce masa a kai su wurin masu gwangwan a samu na shayi. Sai kawai ya ƙara min rodi.

Sai muguwar shekarar nan ta zo. Taransifomar unguwarmu ta ƙone, aka yi ta cewa gobe, jibi. A daidai lokacin fetur ya tashi, janareta ya zama abin kallo, in ka tayar da shi ka yi taga ɗaya, man ya cinye ribar har da uwar kuɗin. Masu gini suka dakata. Waɗanda muke koyo tare duk suka watse, wani ya tafi haƙar ma'adinai, wani ya koma acaɓa. Wata rana da hantsi muna zaune muna korar ƙuda, Malam ya ce, "Guguwa, in aka yi Babbar Sallah ba mu sami abin yi ba, zan mayar wa mai shago makullinsa in koma gona Yalwan Damai. Ga damina ta kawo kai. Kai ma ka fara tunanin inda za ka." Ai ni har na riga na yi magana da wani direban tirela mai zuwa Legas. Sai dai a duk abin da na taɓa, aikin ƙarfen nan ne kaɗai na iya har mutane suna cewa a kira Guguwa. In shagon ya rufu, na koma yaron mota ke nan.

Aikin da ya zo mana a wannan tsakanin, Alhaji Ɗanjuma ne ya kawo shi, wani mai sayen riɗi daga Farin Dutse ta ƙasar Gwaram. Ya tsaya da motarsa, aka gaisa, ya ciro waya ya nuna wa Malam hoto. Wani abu ne baƙi zagaye kamar tukunya, da murfi, a kan dogayen ƙafafu uku. Ya ce ɗansa da ke aiki a Abuja ne ya turo, zai zo Sallah da iyalinsa, yana so a gasa nama a irin wannan.

Ya ce, "Wai ya ce Turawa a bayan gida suke gasa nama da shi."

Malam ya ce, "A ina?"

"A bayan gida, haka ya faɗa min."

Malam ya kawar da kai ya tofar da yawu. "Subhanallahi. To, Alhaji, kowa da al'adarsa. Namu dai a tsakar gida za a ajiye."

Sai daga baya muka gane filin da ke bayan ɗakunansu yaron yake nufi, ba inda muka ɗauka ba.

Alhaji ya ce ya je Kano ya ga na kanti iri-iri har kansa ya ɗaure. Wani da tayoyi, wani da agogon zafi a murfi, wani ja, wani baƙi. Ya ce wanda ya fi ba shi sha'awa da ya danna shi da babban yatsa sai ya loɓa kamar gwangwanin madara, mai kaurin kuma kuɗinsa ya kusa na rago. Malam ya ce, "Ko a yi maka rabin durom irin na masu balangu? Yana ɗaukar nama da yawa, sai dai cin gawayi. Ko kurfoti babba a ɗora masa raga." Alhaji ya ce a'a, yaro mai murfi ya ce. Malam ya buɗe baki zai ce ba wuta, ni kuwa bakina ya riga shi. Na ce, "Za a yi, Alhaji." Da motar ta tashi Malam ya ce, "Da me za ka haɗa shi, da yawu?" Sannan ya sunkuya ya jawo buhun nan na ƙarƙashin tebur.

A wannan aikin na san ana haɗa ƙarfe ba wuta. Ka huda nan, ka huda can, ka zura gajeriyar ƙusa, ka ɗora a uwar maƙera ka daddaƙe kanta har ta baje ta riƙe. Ribit ke nan. Muka nemo kwanon sarki biyu na baƙin ƙarfe masu kauri, ba masu ƙyallin nan ba, don mai ƙyalli in ya ji wuta wani farin hayaƙi yake yi mai sa ciwon kai, ba a haɗa shi da abinci. Muka babbake su da kara har fenti da mai suka ƙone, muka goge da yashi. Bakin na sama muka buɗa shi kaɗan da guduma, zagaye, bugu a kan bugu, har ya zauna a kan na ƙasa ba ya rawa. Raga biyu, ta gawayi a ƙasa, ta nama a sama, duk da siraran rodin da ni na miƙe da hannuna. Ranar na daina jin haushin rodi. Mariƙi na katako. Sai huji-huji a gindi da kuma a murfi. Malam ya ce, "Wannan shi ne hancinsa. Ta ƙasa yake shaƙa, ta sama yake fitarwa." Ƙafafu kuwa na yi su dogaye har ƙugu, yadda na gani a hoto. Muka gwada da gawayin ƙirya, wuta ta kama jawur. Alhaji ya zo ya zagaya shi, ya danna da yatsa bai loɓa ba, aka ɗora a bayan mota a tsakiyar buhunan riɗi.

Ba a rufa mako ba ya kira ni. "Guguwa, abin nan naka ba ya ci. Da an rufe sai wuta ta mutu. An ɓata min zabi, nama ɗanye sai warin hayaƙi. Inna ta ce a mayar muku da kayanku." Inna ita ce mahaifiyarsa, Inna Dije, kuma ashe a gidan nan ba mai taɓa naman Sallah sai ita. Na gaya wa Malam. Ya ce, "In murhun nan ya dawo, mu ma mun tashi. Je ka gani da idonka." Na zuba zarto da guduma da ƙarfen huda da ribit a buhu, na ari mashin, na kama hanyar Gwaram.

Alhaji ya yi min iso har tsakar gida. Abin da na fara gani murhuna ne a jingine a gindin rumbu, ba murfi. Murfin yana can a ƙasa an kife 'yan tsaki da shi, suna ta tsiyau-tsiyau ta cikin huji. Wata tsohuwa 'yar ƙarama tana zaune a kujera 'yar tsugunno tana ɓarar gyaɗa. Na durƙusa na gaishe ta.

Ta ce, "Kai ne maƙerin? Wannan ɗan firit ɗin? To angona, murfinka dai ya yi amfani, tun da na kife su shirwa ba ta ɗauki ko ɗaya ba. Sauran kuwa ka ɗauki abinka."

Na juya murhun na leƙa gindinsa. Duk hujin an liƙe su da laka, an shafe sumul, wuta ta gasa ta ta yi tauri kamar tukunya. Dariya ta kama ni. Na ce, "Inna, ai hancinsa kika toshe. Yaya zai yi numfashi?"

Ta ce, "Hanci? Kai naka hancin garwashi yake zubarwa?"

Ta miƙa hannu ta jawo wata tabarma ta shimfiɗa a gabana. Ga ƙuna nan baƙi, huji-huji. Ta ce, "A nan 'yar jikata take rarrafe. Da ƙafarta ce fa? Dubi dangar can, kara ne. Dubi rumbu. Iskar farkon damina ta ɗauki garwashi ɗaya ta kai can, kai za ka ciyar da mu? Na ga ƙwarya mai yoyo, na liƙe. Kuma waɗannan ƙafafu kamar na zalɓe, wa zai tsaya a kansu? Ni tun ina budurwa a zaune nake girki. Da ka tashi ƙera shi, wa ka tambaya?"

Na ce, "Alhaji."

"Alhaji ya taɓa hura wuta?"

Alhaji da ke tsaye a bayana ya yi gyaran murya ya ce bari ya duba masu auna riɗi a waje.

Dariyar ta tsaya min. Mu a shago a kan siminti muka gwada, ba tabarma, ba danga, ba mai rarrafe. Na ce, "Inna, in kin yarda in gyara shi a nan gabanki. Ke za ki faɗa, ni in yi."

Ta ce, "Oho. Ka dai sakar min tsakina a hankali."

Na ce ta miƙa hannu yadda take juya tuwo a zaune. Inda hannunta ya tsaya, nan na sa alama, na yanke ƙafafun da zarto. Ta shiga ɗaki ta fito da wani tsohon farantin ƙarfe mai zurfi da ya daina zuwa gaban baƙi, na huda gefensa na rataye shi a ƙarƙashin hancin, duk abin da ya faɗo, toka ko garwashi, a ciki zai tsaya. Na sa ƙarfen huda na ɓalle lakar. Ina cikin ɓallewa ta ce, "Amma fa lakar nan ta yi min abu ɗaya. Da wutar ta mutu, gawayin bai zama toka ba, da shi na dafa koko washegari. In ka buɗe min hancin nan har abada, gawayina zai ƙare a banza." Na tsaya da guduma a hannu. Ni ban taɓa tunanin kashe wutar ba, kunna ta kawai na sani. Na nemi murfin wata tsohuwar tukunya, na yanko zagaye, na yi masa huji daidai da na gindin, na kama shi da ribit ɗaya a tsakiya ba tamau ba, na lanƙwasa masa ɗan kunne. Ka juya nan, hanci ya buɗe. Ka juya can, ya rufe. Ka bar shi rabi, wuta ta yi ta ci a hankali. Na yi wa murfi irinsa. Ta juya da yatsa, ta sake juyawa, ta ce, "Yanzu ka fara magana."

Aka yanka zabuwa, ita ta gyara ta, ta shafa mata kayan yaji da man gyaɗa. Na tura gawayin gefe ɗaya, na ajiye zabuwar a ɗaya gefen inda ba wuta a ƙarƙashinta, aka wanke murfi aka rufe. To nan fa. Ni na san ba a buɗewa, duk buɗewa zafi ne ke gudu, amma hannuna ba ya jin magana. Na miƙa zan leƙa, ta buge min hannu da muciya. Na zagaya, na dawo, na sake miƙawa, ta sake bugewa.

Ta ce, "An ce Guguwa ake ce maka ko? To zauna. Hancina zai gaya min."

Na zauna a ƙasa ina taya ta ɓarar gyaɗa. Ban san rabon da in zauna wuri ɗaya haka ba. Can ta ɗaga kai ta shaƙi iska ta ce, "Buɗe." Zabuwa ta yi ja, fata ta ƙame, da ta ja cinya sai ta rabu da kanta, ba jini a ƙashi. Ta ɓalli kaɗan ta tauna, ta daɗe tana taunawa.

Ta ce, "Gishiri bai ji ba."

Na ce, "Inna, ai ke kika sa gishirin."

"To shi ya sa ban ce da kai komai ba." Ta ɗaga murya, "Ɗanjuma! Abin nan ba inda za shi. Ka nemo wa tsakina akurki."

Da Sallah ta zo ɗan Abuja ya ga an gajarce ƙafafu, aka ce ya ɗan yi ƙorafi wai ba haka yake a hoto ba. Kakarsa ta ce ya gasa hoton ya ci. Mata masu shigowa barka da Sallah kuwa suka ga tsohuwa a zaune tana fitar da haƙarƙari daga cikin kwano, ba hayaƙi a ido, ba ta tsaye tana fifita. Kowacce ta koma gida da magana. Kafin ragowar naman Sallah ya ƙare, mutane sun fara tsayawa a ƙofar shagon nan, daga Gwaram, daga Kiyako, har da cikin gari, kowa abu ɗaya yake faɗa: irin na Inna Dije, mai gajerun ƙafa. Ba wuta, ba janareta, sai ƙarar guduma tun safe. Wata rana mai shago ya biyo ta nan, na ga Malam ya laluba aljihu, na ce shi ke nan, makulli zai miƙa. Ashe goro ya ciro ya ba shi. Da mutumin ya wuce ya ce min, "Gonar nan ƙanena ya noma ta bana. Miƙo min awartaki."

Yanzu wuta ta dawo, muna ƙofa muna taga, amma murhu bai bar shagon nan ba. Kuma in mutum ya zo ya ce wanne zai ɗauka, ba na fara nuna masa kaya. Sai in ce, Alhaji, wa zai yi gashin? In shi ne da abokansa a ƙofar gida suna hira a tsaye, mai dogayen ƙafa ya ɗauka. In uwargida ce, mai gajeru, kuma ya tambayo ta tsayin kujerarta. In gidan taro ne, suna yau biki gobe, mai murfi ba zai ishe su ba, rabin durom za su yi, amma ni nake zaɓo durom ɗin, wanda aka zuba maganin ciyawa ko na ƙwari a ciki ko kyauta aka ba ni ba na taɓawa. In masara ce da dankali da ɗan kifi, ya bar ɓarnar kuɗi, kurfoti da raga sun wadatar. Wanda kuma ransa na kan na kanti ban hana shi ba, akwai masu kyau. In ce ya danna da yatsa, ya ɗaga murfin ya mayar ya ji ko yana zama, ya leƙa ƙasa ya ga ina toka take zuwa, ya juya hancin ya ga yana rufuwa. Taya da agogo ba su gasa komai. Kwanan baya wani malamin asibiti ya kawo nasa na kanti, mai kyau da shi, ƙafa ɗaya ta karye a rami. Na gyara masa, na rataya masa faranti a ƙasa ban ce ya biya ba, don ya ce yana da mai rarrafe.

Allah ya saka wa kawuna da ya kamo hannuna. Allah ya ƙara wa Malam Haladu lafiya, ya ji ƙan mahaifinsa da ya bar buhun nan. Inna Dije tana nan da ranta, duk Sallah sai ta aiko min da cinya a leda, da saƙon wai angonta ya daina yawo.

Kun ga abin can da ke rataye da zare a saman ƙofa, wanda ɗayanku ya ce laya ce? Ba laya ba ce. Lakar da na ɓalle ce daga hancin murhun farko, guda ɗaya ta fita ba ta fashe ba. Ku sauko da ita ku duba, shatin babban yatsanta na nan a jiki, wuta ta gasa shi. Wanda har yanzu yake ganin kwano biyu ne, ga guduma. Amma kafin ka ɗaga ta, je ka gida tukuna ka tambayi babarka, a zaune take girki ko a tsaye.